Ustaza Khadiga, Mai Akwatin da Ba a Buɗewa

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Ustaza Khadiga Zubairu a unguwar Alsawra ta Umdurman, saboda haka ba labarin safiyarta aka ba ni ba, da kunnena nake jin ta shekara ashirin da bakwai. Da an idar da sallar asuba za ka ji ƙarar murfin tukunya, tana duba ful, waken nan da muke karyawa da shi, ko ya nuna. Sai shara. Sai jan bencuna a ƙasa, ƙarar da ta raba ni da barcin safe tun ina da baƙin gashi. Ta cika randunan ƙofar gida, ta goge alluna uku da ke jingine a gindin darbejiya. Wajen ƙarfe takwas ta yafa mayafinta ta tari raksha, keken nan mai ƙafa uku, zuwa Kasuwar Umdurman, ta bi layin teloli, ta bi na masu yaji, ta ƙare a na maƙera, tana gaida masu rumfa ɗaya bayan ɗaya tana tuna musu cewa daga ƙarfe goma da rabi zuwa biyu yaransu nata ne.

Makarantarta ba ta da allo a ƙofa. Mutanen unguwa ne suka raɗa mata Makarantar Fatur, domin da fatur ake buɗe ta, wato karin kumallonmu na hantsi. Sakandare ce ta waɗanda sakandare ta tofar: wanda ya faɗi aji sau biyu, wadda jinyar uwa ta cinye mata shekara, wanda aka gaji da bulalarsa saboda makara aka ce ya zauna gida. Ustaza takan riƙe su shekara biyu ko uku, ta yi musu rajistar jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare ta ƙasa, a matsayin masu zanawa daga gida. Ba ƙararrawa, ba jeren safe, ba mai tsayawa a ƙofa da tsumagiya. An taɓa tambayarta yadda take maganin makara, ta ce tunda take ba ta taɓa ganin matashin da ya makara wajen tiren abinci ba.

Ni kuwa, Abdullah Ashafa, shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a sakandaren gwamnati, kuma ba na ɓoye muku, na daɗe ina yi mata dariya. Gidan abinci mai allo nake kiran wurin. Idan muka haɗu a ƙofa sai in ce, "Ustaza, yau nawa suka ci, nawa suka karanta?" Ita kuma ta ce, "Duk sun ci, Ustaz. Naka nawa suka ci bulala?" Haka muke, ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa shiri a kan wannan magana ba.

Ƙa'idodinta biyu ne, dukansu kuma a wancan lokacin shirme nake ɗaukarsu.

Ta farko akwati ce. Duk wanda aka sallama daga makaranta, takarda ake ba shi a ambulan, a liƙe, a buga hatimi a baki, a ce ya kai duk inda zai nemi shiga. A ciki malamai ke rubuta ra'ayinsu game da shi. Mutanenmu kuma kun san mu da girmama hatimi: uwa za ta naɗe ambulan ɗin a gefen mayafi ta ɗauko shi sai ka ce laya. Ustaza takan karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta rubuta sunan yaro a baya, ta jefa a wata akwatin ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonta na igiya. Ba ta taɓa buɗe ko ɗaya ba.

Ta biyu ita ce ranar farko. Sabon ɗalibi ba ya zama a benci. Gaban allo ake tsayar da shi, ya koya wa makarantar wani abu guda da ya iya, kowane iri ne, kuma kowa ya zauna ya koya, har malamai. Na ji ta bayan katanga ana koyar da yadda ake gane shayin da aka cakuɗa da ganyen banza. Na ji an koyar da ɗaurin kaya a kan amalanken jaki. Wata yarinya, Ala'a, wadda aka ce ba ta magana a aji, ta shafe awa guda tana koya wa ƙattai goma sha biyu zanen lalle a kan kwali, tana tsawata musu. Abin da aka yi a ranar akan rataye shi a reshen darbejiya, shi ya sa bishiyar ta koma kamar rumfar 'yan gwanjo.

Shekarar da na yi ritaya, shekara goma ke nan, Ustaza ta leƙo ta katanga ta ce malamin lissafinta ya tafi Saudiyya, in zo in taimaka. Na ce sai na gani. Ta ce, "To zo ka gani gobe, akwai sabon ɗalibi." Na sa farar jallabiyata, na naɗa rawani, na ɗauki rulata ta katako, na isa ƙarfe bakwai daidai kamar yadda na saba. Ba kowa sai kaji. Awa uku da rabi na yi a kan benci ina korar ƙuda.

Da aka cinye fatur, sai ga sabon ɗalibin ya shigo bayan mahaifiyarsa. Ina ganinsa na sha jinin jikina. Mazin ne, ɗan Usta Uthman maƙerin kwano, dogon saurayi ɗan shekara goma sha takwas mai tabon dalma a yatsu. Shekara uku yana ajina a kujerar baya, shekara uku yana faɗuwa lissafi. Ambulan ɗin da mahaifiyarsa Uwa ta kwance daga mayafinta, ni na rubuta abin da ke ciki, kuma ina tuna shi kalma bayan kalma: "Kansa ba ya ɗaukar lissafi. Kujera kawai yake tarewa. A nema masa abin yi." Ina kallo Ustaza ta karɓa, ta yi godiya, ta shige ɗaki da shi.

Mazin bai dube ni ba. Ya tsaya gaban allo yana murza hannu, ya ce shi ba abin da ya iya.

"Me kake yi a rumfar babanka tun safe, ɗana?" in ji Ustaza.

"Mazurari kawai, Ustaza. Da bokiti wani lokaci."

"Mu ba mu iya mazurari ba. Koya mana."

Ashe ta riga ta biya ta layin maƙera ta aro fallen kwano da almakashi. Ta ɗauko wata tukunya ta ce tana son mazurarin da bakinsa zai zo daidai da nata. Yaron ya durƙusa, nan take ya zama wani mutum daban. Ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare, ya zana da'ira a kan kwanon. Ya auna faɗin bakin tukunyar da wani zaren, ya kwantar da shi a gefen da'irar sau ɗaya, sau biyu, sau uku, ya ƙara ɗan guntu, ya yi alama.

"Wannan guntun fa?" Ustaza ta tambaya.

"Wutsiya ce. Kullum sau uku ne da wutsiya, in ba haka ba bakin ba zai haɗu ba."

"Yaya tsawonta?"

"Baba ya ce in faɗin yatsa bakwai ne, wutsiyar yatsa ɗaya ce."

Jama'a, ashirin da biyu bisa bakwai ke nan. Lambar da na rubuta a allo ta fi sau dubu, lambar da na kayar da wannan yaro a kanta shekara uku a jere, ga ta a yatsunsa tun yana ɗan shekara tara. Ya yanka, ya naɗe, ya kifa a bakin tukunyar, ya zauna daram. Ɗalibai suka yi tafi.

Ban gama farfaɗowa ba Ustaza ta miƙo mini almakashi. Na ce ni baƙo ne. Ta ce a ranar farko ba baƙo, kowa ɗalibi ne. Na fitar da biro na yi lissafina a takarda tsaf, ba kuskure ko ɗaya, sannan na kama kwanon. Abin da ya fito daga hannuna, Allah kaɗai ya san sunansa. Gefe ɗaya ya hau kan ɗaya, ɗaya gefen ya buɗe baki, na yanke babban yatsa, jini ya ɓata mini jallabiya. Mazin ne ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce, "Ustaz, ba ka bar wurin haɗi ba." Aka zuba ruwa don gwaji, ya tsiyaye ta ko'ina ban da ta ƙasa. Ustaza ta huda shi ta rataye a reshen da ya fi kowanne fitowa fili, kuma washegari ƙarfe goma da rabi na dawo ba tare da rula ba.

Ke ce kika zaunar da ni a benci ina da shekara sittin, Ustaza, kuma ba ki taɓa ce mini "ka gani?" ba, ko sau ɗaya. Da kin faɗa, da na samu abin yin fushi na koma gidana. Kin san haka, shi ya sa kika yi shiru kika bar mazurarin yana lilo a kaina.

Kada wani ya zaci daga ranar komai ya tafi sumul. Mazin ya iya da hannu, amma takarda tsoro take ba shi, da ya ga tambaya a rubuce sai gumi. Muka koma koyar da shi daga rumfa zuwa littafi: a yanka tukuna, a rubuta daga baya. Lissafi ya miƙe. Nahawun Larabci ya ƙi, tarihi ya ƙi. A tsakiyar shekara ta biyu aka yi jarrabawar gwaji, ya faɗi darussa biyu. A makon ne kuma 'yan uwansa ke shirin tafiya arewa haƙar zinariya, inda samari ke shiga rami da igiya, wasu su dawo da mota, wasu a dawo da takalmansu. Motar ranar Alhamis za ta tashi.

Ranar Talata Usta Uthman ya rufe rumfa, abin da bai taɓa yi da rana ba, ya zo makarantar. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, ba ya son dogon zance. Ya ƙi zama, ya ƙi shayi.

"Ustaza, na ba ki shi shekara ɗaya da rabi, ban ce komai ba. Yanzu ga shi ya sake faɗuwa. Takardar nan da uwarsa ta kawo miki, ta masana ce, da hatimin hukuma. Ki buɗe ki karanta mini. In sun ce zai iya, ya zauna. In sun ce ba zai iya ba, jibi ya bi 'yan uwansa, kalas, magana ta ƙare."

Mazin na tsaye a bakin randa, kansa a ƙasa. Ni ina kan benci da alli a hannu, na kuwa san jimloli ukun nan za su sa yaron a mota.

"Usta, akwatina ba ta buɗuwa," in ji ta. "Amma ba ka yi asarar tafiya ba. Wanda ya rubuta takardar ga shi nan zaune, tambaye shi."

Ashe ta sani tun ranar farko. Daga baya ta ce mini, "Na san makarantarsa, na san mai koyar da lissafi a can, me zan buɗe?"

Usta Uthman ya juyo gare ni. Ƙarya ba zan yi masa ba, gaskiyar kuma rami za ta kai ɗansa. Ban san lokacin da na tashi na ciro mazurarina daga reshe na miƙa masa ba. Na ce, "Usta, kai ne masani a nan. Duba mini wannan aiki."

Ya juya shi, ya leƙa rana ta cikinsa, ya taɓa haɗin da farce, ya yi tsaki.

"Wanda ya yi wannan, kada a sake ba shi almakashi. Kansa ba ya ɗaukar aiki. Kwano kawai yake ɓatawa."

"Ni na yi shi," na ce. "Kuma kusan abin da na rubuta a kan ɗanka ke nan. Kai ko ba komai ka duba aikina kafin ka yanke. Ni shekara uku yana gabana, ban taɓa tambayarsa abin da ya iya ba. Takardar ba ta fi wannan mazurarin kyau ba, Usta, hannu ɗaya ya yi su."

Ya dube ni, ya dubi mazurarin, ya sake dubana tun daga rawani har takalmi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya ta ci ƙarfinsa har sai da ya dafa bishiya, yana cewa, "Ustaz guda, da rawaninsa." Ɗalibai suka kama, Ustaza ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya irin na ranar ba. Da ya share hawaye sai ya zauna, ya ce a kawo shayin, ya ce wa ɗansa, "Ka ji, sai ka zana jarrabawar nan. In ka faɗi, kai da Ustaz zan haɗa ku rumfa ɗaya." Motar Alhamis ta tashi ba Mazin.

Ustaza ta ɗauki nahawun da kanta. Wata biyar tana zaunar da shi bayan an tashi, ta sa shi ya faɗa mata yadda ake bokiti da Hausa, ya sake faɗa da Larabcin kasuwa, sannan ya rubuta da Larabcin littafi, tana gyarawa da jan biro. Ya ci shahada. Bai zo na ɗaya a ko'ina ba, ba a kira sunansa a rediyo ba, amma makinsa ya kai shi kwalejin fasaha. Ranar da sakamako ya fito, guɗar Uwa sai da ta tsallaka layi uku.

Ba Mazin kaɗai ba ne, shi ne dai wanda na gani da idona tun daga farko. Ala'a mai lalle yanzu ma'aikaciyar jinya ce, kuma an ce har yau tsawa take yi. Suhaila, wadda ta shigo da goyo tana da shekara ashirin da huɗu, ita ke koyar da Ingilishi a allon tsakiya. Akwai kuma waɗanda suka faɗi, Ustaza ba ta ɓoye su, suna zuwa fatur kamar kowa, kuma mai gidan burodin da ke aiko da buhu kowace safiya ɗaya daga cikinsu ne.

Da yaƙi ya zo, makarantu suka rufe, kasuwa ta watse, unguwarmu ta cika da mutanen da suka gudo daga unguwar Hajj Yusuf da sauran wurare da abin da ke jikinsu. Ba zan tsaya a kan wannan ba, duk wanda ya gani ya gani. Abin da zan faɗa shi ne tukunyar ful ɗin ba ta sauka ba, ƙaruwa ta yi ta zama uku, kuma duk matashin da ya zo da kwanonsa sai ya tarar da allo a jingine. Da wuta ta ɗauke wata da watanni, Mazin ne ya haɗa wa rijiyar unguwa faifan hasken rana, ya auna, ya yanka ƙarafan da kansa. Ni da na ce kujera yake tarewa, ruwan da ya jawo na sha.

Watan jiya Ustaza ta ce gwiwoyinta sun gaji da layin maƙera, za ta miƙa makarantar ga Mazin da Suhaila. Aka yi fatur na sallama ranar Asabar. Tsofaffin ɗalibai suka cika gidan har waje, da 'ya'yansu, aka jera tire goma sha huɗu. Bayan an wanke hannu ta sa aka fito da akwatin, ta zauna a gefen gado, ta buɗe ta a gaban jama'a karon farko. Ambulan ɗari uku da wani abu, duk da hatiminsu. Ta riƙa kiran suna tana miƙa wa kowa nasa, tana cewa, "Ajiyarka ce, ban taɓa ba." Na waɗanda suka rasu ko suka yi nisa ta mayar da su ciki, ta ɗan jima hannunta a kansu.

Wasu suka farke nasu nan take. Ala'a ta karanta nata da ƙarfi, "Ba ta iya buɗe baki," wuri ya kaure da dariya. Wani ya karanta nasa ya koma bayan randa ya zauna. Ni ina gefe kusa da murhun gawayi inda ake haɗa gahawa, ina jiran a kira suna ɗaya. Mazin ya san takardar ba yabo ba ce, amma bai taɓa ganin kalmomin da rubutun hannuna ba, kuma ga ɗiyarsa 'yar shekara uku a kafaɗarsa. Na ji tsoro, tsoro na gaske, kada bayan shekara goma ya dube ni da wani ido.

Aka kira shi. Ya karɓa, ya juya ambulan ɗin, ya dubi hatimin. Ya taho inda nake, ya sauke yarinyar a cinyata, ya durƙusa gaban murhu. Suhaila na ta fama da zuba garin gahawa a jabana, tulun nan mai siririn wuya, yana zubewa a ƙasa. Mazin ya naɗe ambulan ɗin yadda yake a liƙe, juyi ɗaya, ya gutsire tsinin da haƙori, ya soka a wuyan jabanar. Garin ya bi ta ciki sumul, ko ƙwaya ba ta faɗi ba. Da ta tafasa ya zuba finjali na farko ya miƙo mini da hannu biyu.

"Ustaz, ka ga takardarka ta yi amfani."

Na sha gahawar nan da hawaye a gemu, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Ustaza Khadiga, uwar waɗanda aka sallama, mun gode. Ke ce kika karɓi hukuncinmu da hannu biyu kika sa shi ƙarƙashin gado har yaran suka girma suka fi ƙarfinsa. Ba a taɓa ba ki lambar yabo ba, ba wanda ya sa sunanki a bakin titi, kuma na san da kin ji an karanta miki wannan za ki leƙo ta katanga ki ce na cika surutu. Allah ya ba gwiwoyinki lafiya, ya sa ki daɗe kina jin ƙarar bencunan nan daga kan gadonki, wasu na ja.

Ku kuma 'yan uwana malamai, daga Umdurman har duk inda wannan takarda ta kai, ba na ce kowa ya dafa ful ba. Amma kafin ka ɗauki biro ka rubuta a kan ɗan wani cewa ba ya iyawa, tsayar da shi gaban allo, ka koma benci, ka tambaye shi abin da yake yi tun safe. Mai fili ya ba da inuwa, mai rumfa ya saki yaronsa awa uku, wanda ya yi ritaya irina ya daina barcin hantsi.

Wanda duk ya biyo ta Alsawra, ya tambayi Makarantar Fatur, ya zo ƙarfe goma da rabi, kada ya zo bakwai. A reshen darbejiyar zai ga mazurari biyu a rataye kusa da juna, ɗaya na kwano, ɗaya na takarda mai hatimi wadda har yau ba a buɗe ba. Na kwanon nawa ne, shi ne mai yoyo.